Ritayar iTunes da Sababbin Manhajojin Kallo da Sauraro a Kwamfuta: Me Ya Tafi, Me Ya Rage?

A ranar 3 ga Yunin 2019, a babban taron da yake shirya wa masu ƙirƙirar manhaja duk shekara, kamfanin Apple na Amurka ya sanar da cewa manhajar iTunes za ta bar kwamfutocinsa na Mac, wasu sababbi uku su maye gurbinta. Kafin gari ya waye labari ya bazu cewa an kashe iTunes. Hankalin masu dubban waƙoƙi a cikinta ya tashi, suna tambayar ko abin da suka tara shekara da shekaru zai bi ruwa. Wasu kuma suka ɗauka daga ranar babu sauran sayen waƙa, sai dai biyan kuɗin wata. A watan Fabrairun 2024, da irin wannan sauyi ya iso kwamfutoci masu Windows, ruɗanin ya dawo sabo har da ƙari, domin a can ga sababbin manhajoji sun zo, ga kuma iTunes tana nan ba ta tafi ba.

Tushen ruɗanin shi ne an daɗe ana kiran abubuwa uku da suna ɗaya: manhajar da ke kan kwamfuta, shagon da ake saye a cikinsa, da kuma waƙoƙi da fina-finan da mutum ya tara. Kowannensu da makomarsa daban. Wanda ya rarrabe su zai gane abin da ya kamata ya dame shi, da abin da bai kai a tashi hankali a kansa ba.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Manhaja ita ce tsarin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin ta yi wani aiki, kamar kunna waƙa ko buɗe hoto. Akwai kuma babbar manhaja, wadda ita ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Windows ta kamfanin Microsoft da macOS ta kamfanin Apple su ne fitattu a kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka. Kowace manhaja tana fitowa ne samfuri bayan samfuri, sabo yana gyara tsoho ko ya ƙara masa wani abu.

Saukewa, wadda a bakin jama'a ake cewa dawunlodin, ita ce kwaso fayil daga intanet a ajiye shi a cikin na'ura, ta yadda za a iya kunna shi ko babu sabis. Sitirimin kuwa kalmar aro ce daga Ingilishi, ana nufin kallo ko sauraro kai-tsaye ta intanet: sauti ko hoton yana zuwa kaɗan-kaɗan daga manyan kwamfutocin kamfani yayin da ake kunnawa, ba tare da ya zauna a na'urar ba. Akasari irin wannan hidima da kuɗin wata ake samunta, ko kuma kyauta tare da talla.

Sai makullin haƙƙin mallaka, wanda ake taƙaitawa da haruffan DRM. Wani kulle ne da ake saka wa fayil domin kada ya buɗe sai a na'urar da kamfani ya amince da ita. Na Apple sunansa FairPlay.

Yi wa manhaja ritaya kuma mataki-mataki ne. Kamfani yana iya daina ƙara mata sababbin abubuwa amma ya ci gaba da toshe mata ɓaraka. Yana iya daina kula da ita kwata-kwata, ta ci gaba da aiki a hannun wanda ke da ita har ranar da ta gaza. Yana kuma iya yanke alaƙarta da manyan kwamfutocinsa, ta zama tana buɗewa amma ba ta iya kaiwa ga shago ko asusun mai ita. Da yawa daga cikin gardamar da ake yi, rashin bambance waɗannan matakai uku ne ke jawo ta.

Ga wanda ya san zamanin kaset, misalin a kusa yake. Manhaja ita ce rikoda, fayil shi ne kaset, shagon intanet kuma shi ne mai sayar da kaset a kasuwa. Canza rikoda ba ya goge kaset ɗin da ke cikin akwati. Abin lura kawai shi ne ko sabuwar rikodar tana ɗaukar tsohon kaset, da kuma ko kaset ɗin naka ne ko na aro.

Yadda iTunes ta taso har ta yi nauyi

An fito da iTunes a watan Janairun 2001, bayan Apple ya sayi wata manhaja mai suna SoundJam MP ya gina tasa a kanta. Babban aikinta a lokacin shi ne kwafe waƙa daga faifan CD, da tsara ta, da kunna ta. A watan Oktoban shekarar aka fito da iPod, ƙaramar na'urar sauraron waƙa, iTunes ta zama ƙofar da ake bi a zuba mata waƙoƙi.

Babban sauyi ya zo a ranar 28 ga Afrilun 2003, lokacin da aka buɗe shagon sayar da waƙa a cikin manhajar, da waƙoƙi kimanin 200,000, kowace a kan santi 99 na dalar Amurka. A makon farko an sayar da waƙa miliyan ɗaya. Lokaci ne da satar fasaha ta intanet ta addabi kamfanonin kiɗa, shagon kuma ya nuna cewa mutane za su biya idan aka sauƙaƙa musu hanya. A watan Oktoban 2003 manhajar ta isa Windows, inda mafi yawan masu kwamfuta suke. Zuwa 2008 shagon ya zarce babban kantin Walmart, ya zama mafi girman mai sayar da waƙa a Amurka, a farkon 2013 kuma waƙoƙin da ya sayar sun kai biliyan 25.

Nasarar ce ta jawo mata lodi. A 2005 aka ƙara mata fodkas, wato shirye-shiryen murya da ake fitarwa kashi-kashi a intanet, da kuma bidiyo. A 2006 aka ƙara fina-finai. Da iPhone ta fito a 2007, sai da iTunes ake iya tayar da ita da kuma sabunta ta. A 2008 shagon manhajojin waya ya shigo ciki. An kuma ƙara littattafan saurare, da darussan jami'o'i, da dandalin zumunta mai suna Ping wanda ya yi kimanin shekara biyu aka rufe shi a 2012. A ranar 30 ga Yunin 2015 aka ɗora mata Apple Music, hidimar sauraro da kuɗin wata, shekara ɗaya bayan Apple ya sayi kamfanin Beats a kan dala biliyan uku. Manhajar da aka ƙera domin kunna waƙa ta wayi gari ita ce shago, ita ce silima, ita ce asibitin waya. Ƙorafi ya yi yawa cewa tana da nauyi, tana jinkirin buɗewa, kuma abu kaɗan sai an sha lalube kafin a gano inda yake.

Abin da aka yi a 2019 da kuma 2024

A ranar 7 ga Oktoban 2019 aka fitar da babbar manhajar macOS Catalina, babu iTunes a cikinta. An raba aikinta gida-gida. Waƙoƙi suka koma manhajar Apple Music, fina-finai da shirye-shiryen talabijin suka koma Apple TV, fodkas ya koma Apple Podcasts, littattafan saurare suka koma manhajar littattafai. Haɗa iPhone da kwamfuta domin ajiyar bayanai ko sabuntawa ya koma Finder, wurin da ake duba fayiloli a Mac.

Abin da bai canza ba ya fi abin da aka zata yawa. Waƙoƙin da mutum ya tara, waɗanda ya saya da waɗanda ya kwafo daga faifai, da jerin da ya tsara musu, duk sun bi shi zuwa sabuwar manhajar. Shagon iTunes bai rufe ba, yana cikin manhajar waƙa, ana saye a cikinsa. Wanda kuma bai sabunta kwamfutarsa zuwa Catalina ba, iTunes ɗinsa ta ci gaba da aiki.

Masu Windows sun jira shekara huɗu da 'yan watanni. An fara gwajin sababbin manhajojin a farkon 2023, aka fitar da su ga kowa a Fabrairun 2024: Apple Music domin waƙa, Apple TV domin kallo, da Apple Devices domin kula da iPhone da iPad. Ana sauke su daga shagon Microsoft, kuma sai kwamfuta tana da Windows 10 ko wadda ta fi ta. Da zarar an ɗora su, iTunes takan saki waƙa da bidiyo, ta tsaya a kan fodkas da littattafan saurare kawai. Wannan ne ke rikita mutane: sai mutum ya ɗora ɗaya daga cikin sababbin, ya buɗe iTunes ya ga waƙoƙinsa ba sa nan, ya ɗauka sun ɓace, alhali sun koma sabon gida ne. Wanda kwamfutarsa ba ta ɗaukar sababbin, ko bai ɗora su ba, yana ci gaba da amfani da iTunes yadda ya saba.

Dalilan da suka kawo sauyin

Dalili na farko shi ne kasuwa ta juya. Spotify, wanda ya fara aiki a Turai a 2008 ya shiga Amurka a 2011, ya koya wa mutane sauraron abin da suke so ba tare da sayen ko waƙa ɗaya ba. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka sun nuna cewa a 2018 kashi 75 cikin ɗari na kuɗin da masana'antar ta samu a ƙasar daga sitirimin ya fito. Zuwa 2023 ya kai kashi 84, saukewa kuma ta faɗo zuwa kashi uku. Manhajar da aka gina ta a kan saye da ajiya ta zama ba ta dace da yadda jama'a ke sauraro ba.

Na biyu, waya ta daina dogaro da kwamfuta. Tun 2011 iPhone ta samu damar tayar da kanta, da sabunta kanta, da ajiye bayananta a iCloud, rumbun ajiyar kamfanin da ke intanet. A kan wayar kuma tun tuni waƙa da fim da fodkas kowanne da manhajarsa. Raba iTunes a kwamfuta daidaita ta ne da abin da masu waya suka riga suka saba da shi. An ma fara rage mata kaya tun 2017, lokacin da aka cire shagon manhajojin waya daga cikinta.

Na uku, kula da tsohuwar manhaja yana cin kuɗi da ma'aikata. Duk ɓarakar tsaro da aka gano sai an toshe ta a kowane samfuri da ake tallafawa, duk sabon abu sai an gwada shi a kan tsoho da sabo. Manhajar da aka yi shekara goma sha takwas ana ɗora mata gini a kan gini, gyaran wani ɓangarenta yakan taɓa wani.

Na huɗu kuwa, wanda kamfanoni ba su cika faɗa da baki ba, shi ne lissafin riba. Mai sayen waƙa sau ɗaya yake biya, mai kuɗin wata kuwa kullum yana cikin biya. Sashen hidimomin Apple, wanda ya haɗa da shagon manhajoji da iCloud da waƙa da sauransu, ya kawo masa kusan dala biliyan 46 a shekarar kuɗi ta 2019, ya haura biliyan 96 a ta 2024. Hidimar kallo ta Apple TV+ ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2019, ƙasa da wata ɗaya bayan manhajar Apple TV ta sauka a Mac. Sababbin manhajojin suna ɗauke da sunan hidimomin kuɗin wata, kuma su suke sawa a gaba.

Ra'ayoyi sun bambanta

Masu goyon baya suna cewa an ma makara. A ganinsu manhaja ɗaya mai aiki ɗaya ta fi sauri, ta fi sauƙin koyo, ta fi sauƙin gyara. Suna ƙara da cewa barin tsohuwar manhaja tana haɗuwa da asusun da ke ɗauke da katin banki haɗari ne ga mai ita, kuma ma'aikatan da ke gadin tsoho da an sake su da sun gina sabo. Sun kuma yi nuni da cewa Apple bai ƙwace wa kowa komai ba, ya ba da lokaci, ya bar tsohuwar tana aiki.

Masu suka ba su musanta nauyin iTunes ba, amma suna cewa sabuwar manhaja sau da yawa takan fito ne da giɓi, kuma waɗanda ke faɗawa giɓin su ne waɗanda suka fi dogaro da tsohuwar. Misalin da aka fi kawowa shi ne na masu kiɗan DJ. iTunes tana fitar da wani fayil na jerin waƙoƙi da kanta, wanda manhajojin aikinsu ke karantawa. Da Catalina ta zo wannan tsari ya canza, har aka shawarce su da su dakata da sabuntawa sai masu manhajojinsu sun daidaita. Catalina ta kuma daina ɗaukar tsofaffin manhajoji masu tsarin bit 32, don haka wasu sun rasa kayan aikin da ba su da alaƙa da waƙa ma. Masu sukar suna kuma cewa a sabuwar manhajar an tura shagon saye can gefe, an fito da kuɗin wata gaba, ta yadda zaɓin yana nan a rubuce amma ana karkatar da mutum ba tare da ya lura ba.

Akwai ra'ayi na uku da ke tsakiya. Masu shi suna cewa babu manhajar da za ta dawwama, don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda ake yin ritayar. Sun kawo sharuɗɗa huɗu: a sanar da wuri, a bayyana abin da za a rasa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, a ba mutum hanyar kwashe kayansa, kada kuma a rufe tsohuwa sai sabuwa ta iya manyan ayyukanta. Da wannan ma'auni, Apple ya cika na farko da na uku, ya yi rauni a na biyu da na huɗu.

Yadda ta kasance a wasu kamfanoni

Lamarin bai tsaya ga Apple ba, kuma kwatanta shi da na wasu yana nuna inda haɗarin yake.

Plex manhaja ce da ke ba mutum damar mayar da kwamfutar gidansa rumbu, ya riƙa kallon fina-finansa a sauran na'urori. A watan Agustan 2019 kamfanin ya fitar da sabuwar manhajar kwamfuta, ya ce zai yi wa tsohuwar mai suna Plex Media Player ritaya. Sabuwar ba ta da tsarin da aka yi domin masu haɗa kwamfuta da talabijin suna sarrafa ta da rimot. Hujjar kamfanin ita ce yawancin mutane sun koma ƙananan akwatunan kallo irin su Roku da Fire TV. Masu amfani da tsarin suka yi ca, kamfanin ya janye, daga baya ya fitar musu da manhaja ta musamman mai suna Plex HTPC. Wannan ya nuna cewa ƙarancin masu amfani da abu ba ya nufin ƙarancin muhimmancinsa gare su, kuma kokensu yana iya sauya shawara.

Google ya rufe hidimarsa ta Play Music a ƙarshen 2020, ya tura mutane YouTube Music. Tsohuwar tana ba mutum damar ɗora waƙoƙinsa har 50,000 kyauta. An ba da hanyar kwashewa, amma wanda ya yi sakaci har farkon 2021, an goge abin da ya ajiye. Netflix kuwa a 2024 ya sauya manhajarsa ta Windows da wata sabuwa wadda ba ta da damar sauke fim domin kallo ba tare da intanet ba. A nan manhaja sabuwa ce, amma mai amfani baya ya koma.

Saye ko haya

A nan ne kowa ya kamata ya duba nasa, domin abin da ke cikin manhaja iri uku ne.

Akwai fayilolin da mutum ya kawo da kansa, kamar MP3 da ya kwafo daga faifai ko aka tura masa. Waɗannan nasa ne, suna cikin kwamfutarsa, manhajar Apple Music tana kunna su ba tare da biyan kuɗin wata ba, haka ma wasu manhajoji na kyauta irin su VLC.

Akwai waɗanda ya saya a shago. Tun 2009 Apple ya cire makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa, don haka wanda ya sauke su yana iya kwafe su duk inda ya ga dama. Fina-finai kuwa da makullinsu, ba sa buɗewa sai a na'urar da aka ba izini da asusun mai saye, kwamfutocin da za a iya ba izinin kuma ba su wuce biyar ba.

Sai waɗanda aka samu ta kuɗin wata. Ko da an sauke su cikin na'ura, ranar da biya ya tsaya sun daina buɗewa. Kamfani kuma yana iya cire waƙa ko fim daga jerinsa idan yarjejeniyarsa da mai haƙƙi ta ƙare.

Kashi na biyu ne ya fi jawo muhawara, domin abin da ake kira saye a shagunan intanet sau da yawa izinin amfani ne. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. A 2018 Apple ya yanke shiga shagon iTunes daga kwamfutoci masu Windows XP da Vista saboda dalilan tsaro, masu su suka daina iya saye ko sake sauke abin da suka saya a kan waɗannan kwamfutoci. Irin waɗannan ne suka sa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024, wadda ta fara aiki a 2025, tana tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye idan izini kawai yake samu.

Inda abin ya taɓa mu

Kamfanonin da ke yanke waɗannan shawarwari suna kallon mai amfani da ke da sabuwar kwamfuta, da intanet marar yankewa, da wutar lantarki dare da rana. A Kano ko Zinder ko Kumasi lissafin daban yake.

Kwamfutoci da yawa a ƙasashenmu na hannu ne, an shigo da su bayan sun yi shekaru a wani wuri. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, ya kuma sa ranar 14 ga Oktoban 2025 ta zama ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika ba. Duk lokacin da sabuwar manhaja ta ɗaga sharaɗinta, wasu na'urori masu lafiya suna komawa gefe, ba don sun lalace ba.

Ga kuma kuɗin data. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya sauke waƙa sau ɗaya ya biya data, wanda ke sauraro kai-tsaye kuwa yana iya biya sau da yawa a kan abu guda. Shi ya sa cire damar saukewa, wanda a wasu ƙasashe ƙaramin abu ne, a nan yana iya raba mutum da hidimar gaba ɗaya. Shi ya sa kuma sana'ar masu turi, waɗanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya daga kwamfuta, take nan da ranta duk da shigowar Apple Music da Boomplay da Audiomack, da Spotify wanda ya iso Najeriya a 2021.

Masu gyaran waya a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano ma abin ya shafe su kai-tsaye, domin iTunes tana cikin kayan aikin da ake tayar da iPhone da ta kulle ko ta ƙi tashi. A gare su, sanin cewa wannan aiki ya koma Finder a Mac da Apple Devices a Windows batu ne na abin sawa a baka.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi. Tafsirai da wa'azozin malamai, da karatun Alƙur'ani na alarammomi, da waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos waɗanda aka juyo daga kaset, ba duka ake samunsu a rumbunan manyan kamfanoni ba. Da yawansu a kwamfutoci da katin waya na ɗaiɗaikun mutane suke rayuwa. Idan manhajojin gobe suka daina ba fayil ɗin mutum muhimmanci, suka tsaya kan abin da ke cikin rumbun kamfani, irin wannan taska ce za ta fara shiga haɗari.

Abin da ake sa ran gani

Alamu sun nuna cewa sauyin zai ci gaba ta wannan hanya. An daina ƙera iPod a 2022. A ƙarshen 2023 an ɗauke sayar da fina-finai daga manhajar shagon iTunes a iPhone, aka mayar da shi Apple TV. Sunan iTunes yana raguwa daga wuri zuwa wuri, aikin da ya rage mata a Windows kuma kaɗan ne. Ana iya tsammanin manhajojin kwamfuta za su ƙara zama tagar hidimar intanet kawai, masu sauƙin amfani ga mai sabis, masu ƙarancin amfani ga marar shi. A ɗaya ɓangaren, dokoki irin ta Kalifoniya da kokawar masu amfani irin ta Plex suna nuna cewa kamfanoni ba su da cikakken sakin hannu.

Ga mai amfani, matakan kariya a bayyane suke. Kafin ya ɗora sabuwar manhaja ko ya sabunta babbar, ya kwafe fayilolinsa zuwa wani ma'aji na daban. Ya sauke duk abin da ya saya, kada ya bar shi a asusu kawai. Ya binciki ko kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan sabuwar, da ko ayyukan da ya dogara da su suna cikinta. Wanda sana'arsa ke kan manhaja ya jinkirta, sai ya ji daga waɗanda suka riga shi gwadawa. Kada kuma tsoron sabo ya sa ya ci gaba da shiga asusun kuɗi da manhajar da aka daina toshe mata ɓaraka.

Kammalawa

iTunes ba ta tafi da waƙoƙin kowa ba, shagonta ma bai rufe ba, kuma raba ta gida-gida yana da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Sai dai sauyin ya zo tare da wani babba wanda ba a cika sanarwa a kan dandamali ba: daga mallakar abin sauraro zuwa hayarsa. Haya tana da amfaninta, domin da kuɗi kaɗan mutum yana kaiwa ga miliyoyin waƙoƙi da ba zai taɓa iya saye ba. Amma tana da sharaɗi, sharaɗin kuma a hannun kamfani yake. Haƙƙin kamfani ne ya sabunta kayansa, nauyi ne kuma a kansa ya faɗi abin da sabuntawar za ta ci, ya bar wa mutane hanyar fita da kayansu. Nauyin mai amfani shi ne ya san wanne ne nasa a cikin abin da ke na'urarsa, ya adana shi a inda rufe wata manhaja ba zai taɓa shi ba.